Kafin Ka Biya Kuɗin Gidan Alfarma, Saurari Titin



Yau a shirinmu na faɗakarwa zancen gida za mu yi. Irin gidajen nan na alfarma da ke cikin dogayen benaye a manyan birane, waɗanda ake kira fulat. Gini ɗaya, hawa takwas ko goma, iyalai da yawa, kowa da sashensa. Za mu ɗauki Abuja a matsayin misali, domin can ne 'yan'uwanmu da dama suke kama haya ko suke saye, 'yan kasuwa da ma'aikata da masu dawowa daga ƙasashen waje.

Wani zai ce, ni da ba ni da kuɗin gidan Maitama, ina ruwana da wannan shiri? Kada ka kashe rediyonka, ɗan'uwa. Abin da za mu faɗa ya shafi mai neman ɗaki da falo kamar yadda ya shafi mai neman gidan miliyoyi. Kunnen mai kuɗi da na talaka duk iri ɗaya ne.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Duk abin da ke cikin gida kana iya sake shi. Titin da ke ƙofar gidan kuwa ba ka da iko da shi. Zan maimaita. Cikin gida kana iya sakewa, titi ba ka iya sakewa.

Shirin namu kashi biyar ne. Za mu fara da abin da mutum yake saye idan ya sayi gida. Sai yadda ake auna ƙara. Sai abin da ƙara take yi wa jiki. Sai inda ƙarar take fitowa. Daga ƙarshe mu kawo matakan da za a bi kafin a biya kuɗi.

To, bismillah. Kashi na farko: me kake saye?

Idan dillali ya kai ka ganin gida, da me yake fara nuna maka? Tayil mai sheƙi. Kicin na zamani. Banɗaki a kowane ɗaki. Wurin ninkaya a ƙasa, lifta mai kai ka sama, masu gadi a ƙofa. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, kuma kuɗinsu ake caji. Amma ka lura, tayil idan bai yi maka ba, ka kira mai aiki ya cire. Fenti ka sake. Labule ka sake. Gidan rawan da ke bayan katangarku fa? Tashar motar da ke kwanar layinku fa? Waɗannan da su ka sayi gidan, ko da ba a rubuta su a takarda ba.

Magabata sun ce a duba maƙwabci kafin a duba gida. A babban birni, titi ma maƙwabci ne, kuma shi ne maƙwabcin da ba ya tafiya ko'ina.

Mu dubi Abuja. Birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, aka kuma mayar da fadar gwamnati can a watan Disambar 1991. A tsarin farko an ware wuraren zama daban, wuraren kasuwanci daban. Amma birni abu ne mai rai. Ku ɗauki Wuse II. Titunan Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola Crescent yau cike suke da bankuna da kantuna da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa. Gidaje da yawa da aka gina don zama sun koma wuraren kasuwanci. Ga mai son komai a kusa da shi, wannan daɗi ne. Ga mai jariri ko mai tsohuwa a gida, lissafin daban ne.

Ku ɗauki Asokoro kuma. Sunanta kaɗai ya isa a ɗaga farashi. Amma layin da ke can ciki daban yake da ginin da ke kallon shataletalen AYA, inda motocin masu zuwa aiki daga Nyanya da Mararaba suke kwararowa tun da asuba. Haka Jabi. Akwai ɓangaren da ke kallon tafki, akwai ɓangaren da ke kusa da tashar mota. Unguwa ɗaya ce, suna ɗaya, rayuwa biyu. Saboda haka kada sunan unguwa ya ishe ka. Tambayi layin. Tambayi ɓangaren da tagogin suke kallo.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu sai kashi na biyu: yaya ake auna ƙara?

Kamar yadda ake auna tsawo da mita, ita ƙara ana auna ƙarfinta da wani ma'auni da ake kira desibel. Raɗa a kunne kusan desibel 30 ce. Hira tsakanin mutum biyu kusan 60. Babban titi mai cunkoso, idan kana tsaye a bakinsa, yana kai wa 70 zuwa 80. Wanda kuma yake wuni cikin ƙarar da ta kai 85, kullum awa takwas, jinsa na iya lalacewa a hankali.

Akwai wani abu game da wannan ma'auni da ya kamata ku sani. Ba ya hawa kamar kuɗi, inda naira 60 ta ɗara naira 50 da kaɗan. A nan, duk lokacin da aka ƙara desibel 10, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka. Ɗakin da ke da 50 ya ninka mai 40 a kunne. Mai 60 kuwa ya ninka mai 40 sau huɗu. Don haka idan aka ce maka bambancin gida biyu desibel 10 ne kacal, ka san ba ƙaramin bambanci ba ne.

To nawa ne ya dace da ɗakin barci? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa a cikin ɗakin kwana da dare, ƙarar da ke tafiya ba yankewa kada ta wuce desibel 30. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya, kamar hon ko buga ƙofa, kada ta wuce 45. A 2018 hukumar ta sake fitar da ƙa'idoji ga yankin Turai. Ta ce ƙarar motoci a jikin bangon gida daga waje, da dare, ya kamata ta tsaya ƙasa da 45.

A Najeriya ma akwai doka. Hukumar NESREA, mai kula da ƙa'idojin muhalli ta tarayya, tana da dokar hana ƙara ta shekarar 2009. Dokar ta sa iyakar desibel 50 da rana da 35 da dare a unguwar zama zalla. Inda gidaje suka gauraya da kasuwanci kuwa, 55 da rana, 45 da dare.

Ku riƙe lambobi biyu kawai, sun isa. A cikin ɗakin barci, 30. A wajen taga da dare, 45.

Mu shiga kashi na uku: me ƙara take yi wa jiki?

Mutane da yawa sukan ce, ai da an kwana biyu za a saba. Gaskiya ne hankali yana sabawa. Ka daina lura da motocin. Amma ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Kana barci, kunnenka yana aiki. Tirela ta wuce da ƙarfe biyun dare. Ba ka farka ba, ba za ka ma tuna ba da safe. Amma bugun zuciyarka ya ƙaru na ɗan lokaci, barcinka mai nauyi ya koma mara nauyi. A yi haka sau da yawa a dare ɗaya. Gari ya waye, ka yi awa bakwai a kan gado, ka tashi a gajiye, kana ta faɗa da yara ba dalili.

Idan abin ya ɗauki shekaru, yana taɓa zuciya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi a 2018 ya nuna cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar motoci yana tafiya da ƙarin kusan kashi 8 cikin 100 na haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya. Wannan magana ce ta lafiya, jama'a, kuma ta fi shafar dattawanmu da masu hawan jini.

Yara ma ba su tsira ba. Bari in ba ku labarin wani bincike da aka yi a birnin New York na Amurka, aka wallafa a 1973. Akwai wasu dogayen benaye huɗu, kowanne hawa 32, da aka gina a saman wata babbar hanya kusa da gadar George Washington. Motoci suna wucewa ta ƙarƙashinsu dare da rana. Masana uku, Sheldon Cohen da David Glass da Jerome Singer, suka gwada yaran da ke zaune a ciki. Suka gano cewa yaran hawan ƙasa, inda ƙara ta fi yawa, sun fi shan wahala wajen bambance kalmomi masu kama da juna a kunne. Karatunsu ma ya fi rauni a kan na yaran hawan sama. Abin ya fi bayyana ga waɗanda suka daɗe a gidan. Gine-gine iri ɗaya ne, bambancin kawai nisan da ke tsakanin yaro da motoci.

Iyaye mata, wannan naku ne musamman. Ɗakin da yaro zai yi barci, da inda zai yi aikin makaranta da tilawa, a zaɓa masa ɓangaren da ya fi shiru.

Idan yanzu kuka buɗe rediyonku, muna magana ne kan yadda titi da ƙararsa suke shafar zaɓen gidan alfarma a birni. Mun iso kashi na huɗu: daga ina ƙarar take fitowa?

Na farko, motoci. A tsakiyar Abuja an hana acaɓa tun 2006, wannan ya rage wani abu. Amma akwai manyan hanyoyi masu gudu, irin ta Nnamdi Azikiwe da ta zuwa Kubwa da ta filin jirgi. Akwai jiniyar ayarin manya. Ku sani, wurin da mota take tsayawa ta sake tashi ya fi damu: danja, shataletale, tudun rage gudu, hawan tudu. Nan ake taka birki, nan ake danna hon, nan babbar mota take nishi. Kuma ƙarar hanya ba ta saurin mutuwa. Idan ka ninka nisanka da babban titi, desibel 3 kawai take raguwa.

A nan ne mutane suke yin kuskure game da hawan sama. Ana ɗauka duk wanda ke sama ya tsira. Gaskiya hawan sama yana raba ka da hayaniyar bakin ƙofa, da surutun masu wucewa, da mai wankin mota. Amma katanga da ƙananan gidajen da suke kare na ƙasa ba su kare na sama. Daga hawa na tara, babu abin da ya shiga tsakaninka da babbar hanyar da ke can nesa. Ga ƙa'ida mai sauƙi: hanyar da kake gani daga baranda, za ka ji ta. Layin bishiyoyi guda ɗaya yana gyara gani, yana ba da inuwa, amma kaɗan yake rage ƙara.

Na biyu, wuraren shaƙatawa da zaurukan biki. Ku ɗauka wani bawan Allah ya je ganin gida ranar Talata da hantsi. Layin tsit, sai kukan tsuntsaye. Ya biya hayar shekara. Daren Juma'ar farko, ƙarfe ɗaya, yana kwance a hawa na shida, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Ba ya jin muryar mawaƙin. Abin da yake ji shi ne dum, dum, dum, ta cikin filo. Kofin ruwan da ke gefen gado, saman ruwan yana rawa. Wannan ita ce ƙara mai kauri, ta ƙasa-ƙasa, wadda manyan lasifikoki suke fitarwa. Gilashi yana tare siririyar ƙara. Mai kaurin nan kuwa tana ratsa gilashi, tana bin bango da daɓe. Ita ce mafi wuyar magani.

Na uku, wuraren ibada da makarantu. Kusanci da masallaci alheri ne ga wanda yake so ya samu jam'i a kan lokaci, kuma mutane da yawa da gangan suke nemansa. Amma ka sani ko babban masallacin Juma'a ne da ake rufe layi saboda shi. Ka sani ko akwai majami'a mai ibadar kwana. Ka sani ko akwai makarantar da motocin iyaye suke toshe ƙofarku safe da rana. Ka san da su, ka yarda da su, kafin ka shiga. Wannan ya fi rigima da maƙwabta daga baya.

Na huɗu, ginin kansa. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa. Gidan alfarma yana alƙawarin wuta dare da rana, kuma galibi babban janareta mai shan dizal ne yake cika alƙawarin. Ina aka ajiye shi? A ƙarƙashin tagar wa? Ina hayaƙinsa yake fita? Janaretan maƙwabta fa? Sai famfon tura ruwa sama. Sai injin lifta, idan bangonsa ɗaya da ɗakin kwananka. Sai takun na samanka, da jan kujerunsu. Gini mai tsada ma yana iya zama mai siraran bango.

Na biyar, filin da babu komai a kansa. Ka leƙa ta taga, ka ga fili fetal, iska tana kaɗawa, ka ji daɗi. A unguwanni masu tasowa irin Guzape da Katampe da Jahi, filin yau shi ne ginin gobe. Za a kawo injin fasa dutse da na kwaɓa siminti, a yi shekara biyu ko uku ana aiki. Idan an gama kuma, wataƙila otel ne, wataƙila zauren biki, wataƙila bene ne da zai tare maka haske da iska.

Ban da ƙara, titi yana da sauran halaye. Ina ruwa yake bi da damina? Akwai kwalbati, kuma a buɗe take ko a toshe? Akwai fitilun titi masu aiki? Hanyar shiga layin ɗaya ce ko biyu? Idan rashin lafiya ta taso da dare, minti nawa ne zuwa asibiti? Akwai inda ake tara shara kusa? Duk waɗannan suna cikin abin da kake saye.

Yanzu mun zo kashi na biyar, na ƙarshe. Idan da takarda da biro kusa, a ɗauko. Ga matakai shida.

Mataki na ɗaya. Kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya. Je da sassafe ranar aiki, lokacin fita ofis. Je da yamma, lokacin tashi. Je daren Juma'a ko Asabar bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Je da safiyar Lahadi. Idan da hali, je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Mataki na biyu. Idan ka shiga, ka roƙi a kashe na'urar sanyaya ɗaki da talabijin. Kowa ya yi shiru. Ka tsaya a ɗakin kwana, daidai inda gado zai zauna, minti biyar cur. Ka saurara taga a rufe, ka saurara taga a buɗe. Akwai manhajojin auna ƙara da ake saukewa a waya. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa ka kwatanta wannan ɗaki da wancan, wannan gida da wancan.

Mataki na uku. Ka ce a tayar da janareta kana nan. Ka koma ɗakin kwana ka saurara. Ka sa wani ya hau lifta ya sauka. Idan akwai wanda zai taka a hawan samanka, ya taka ka ji.

Mataki na huɗu. Duba tagogi. Akwai taga mai gilashi ninki biyu, da iska a tsakani, tana rage ƙara sosai. Amma sai ta rufu ruf, da roba a gefenta. Inda iska za ta shiga, ƙara za ta shiga. Taga mai zugewa gefe yawanci ba ta kai mai buɗewa kamar ƙofa rufuwa ba. Sannan ka duba tsarin gidan. An fi son falo da kicin su kalli titi, ɗakunan kwana su kalli baya.

Mataki na biyar. Yi tambaya, kuma ka san wanda za ka tambaya. Dillali ladansa yake nema, sai ciniki ya faɗa zai samu. Tambayi mai gadi. Tambayi mai shagon kwana. Tambayi wanda ya riga ka zama a ginin. Ka ce, baba, yaya layin nan yake da dare? Wanda ya tashi daga wannan sashe, me ya tashe shi? Filin can na waye, me za a gina? A Abuja akwai sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar babban birnin, inda lauyanka zai iya bincika abin da aka ware wa fili.

Mataki na shida. Karanta dokokin gidan kafin ka sa hannu. Akwai lokacin da aka hana kiɗa da aikin gyara? An yarda a riƙa ba da wasu sassa hayar kwana ɗaya ko biyu ga masu zuwa shagali? Wa ake kai wa ƙara, kuma me yake iya yi? Kana biyan kuɗin hidima mai yawa duk shekara, kana da haƙƙin ka sani.

Wanda ya riga ya shiga fa? Akwai abin yi. A toshe kafofin taga da ƙofa, a sa labule mai kauri da kafet, a mayar da gado ɗakin baya. A fara yi wa maƙwabci magana cikin mutunci. Idan abin ya faskara, a haɗa kai da sauran mazauna a kai koke. A Abuja akwai hukumar kare muhalli ta AEPB. A Legas akwai LASEPA, wadda ta sha rufe wuraren shaƙatawa da na ibada saboda ƙara. Amma ku sani, wannan hanya doguwa ce. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai an sha wuya.

Mu tattara abin da muka ce. Sunan unguwa bai isa ba, a tambayi layi. A ɗakin barci 30, a wajen taga da dare 45. Hankali yana sabawa da ƙara, jiki yana ci gaba da biyan kuɗinta. A je da safe, a je da dare, a je ƙarshen mako. A sa a tayar da janareta. A tambayi mai gadi.

Kalma ta ƙarshe ga mu duka, masu gida da 'yan haya. Kowannenmu maƙwabcin wani ne. Kafin ka ajiye janaretanka, duba tagar wa yake kallo. Kafin ka ƙure lasifika ranar biki, tuna akwai mara lafiya a bayan katanga, akwai ɗalibi mai jarrabawa gobe. Haƙƙin maƙwabtaka abu ne da addini da al'ada suka ɗora mana.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya ba mu matsuguni mai albarka da maƙwabta nagari. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.